Bargon da Ya Zo daga Makka

A duk shekarun da na yi a sakandaren 'yan mata a Damazin, lissafi ɗaya ne na tabbata na yi shi daidai ba tare da na leƙa littafin ta kusa da ni ba. Shi ne kuma wanda na yi kwana biyu ina roƙon Allah ya sa na yi kuskure a cikinsa.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci a mota daga Damazin. Tun ina rarrafe manyan wayoyin kahraba, wato lantarki, suke ratsa saman gonakinmu, sun taso daga madatsar ruwa sun nufi Hartum, mu muna ƙasa da fitilar kananzir muna kallonsu. Sai da na shiga sakandare aka ja mana namu layin. Kahrabar ma da ta zo, ba da niyyar zama ta zo ba: ta yi kwana uku, ta ɓace kwana biyu, babu sallama. Duk da haka babana ya riƙe ta kamar shi ya ƙirƙiro ta. Da hannunsa ya ja waya zuwa kowane ɗaki a gidanmu, ƙwan fitila ɗaya da soket ɗaya. Manomi ne, dawa da riɗi, amma daga ranar ya zama injiniyan unguwa, kuma kaiton wanda ya ce masa ya ɗaura waya a karkace.

Ɗakin kakata, mahaifiyar babana, shi ne na ƙarshe a gidan, zagayayye mai jinkar ciyawa. Habboba muke ce mata, yadda maƙwabtanmu Larabawa suke kiran tasu. Ciwon sukari ya daɗe da cinye mata jin ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa. Akwai lokacin da ƙaya ta kwana biyu a diddigenta ba ta sani ba, sai da Inna, mahaifiyata, ta zo wanke mata ƙafa ta gani. Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne, ƙafar da ba ta jin ƙaya ita ce take jin sanyi. Da ɗari ya shigo sai ta yi ta ƙorafi cewa ƙasusuwanta sun daskare, Inna ta yi ta jigilar kaskon garwashi tana turawa ƙarƙashin gadon igiyar da take kwana a kai.

Ɗanta na fari, yayan babana, ya tafi aikin hajji tun kafin a haife ni, ya samu ɗinki a Makka ya zauna. Baba Babba muke ce masa, ko da yake a hoto kawai muka san shi. Habboba ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, sai dai ta ce "wancan na gabas". Kowace shekara alhazan ƙauyenmu suna dawowa da tsarabarsa: dabino, ruwan Zamzam, tasbaha, turaren wuta. A shekarar da nake ajin ƙarshe hajji ya faɗo cikin sanyi, kuma babana ya riga ya gaya masa halin da ƙafafun tsohuwa suke ciki.

Ina gida hutun tsakiyar shekara, ranar Laraba da hantsi, wani alhaji maƙwabcinmu ya kawo ƙunshin. Matan unguwa suka cika ɗakin Habboba. Da aka kwance, sai ga wani ɗan bargo shuɗi mai laushi, waya ta fito daga gefensa, da ɗan maɓalli a jikin wayar. Alhajin ya ce bargon kahraba ne, in an jona shi da kansa yake ɗumi. Mata suka yi ta salati suna shafawa. Habboba ta ce, "To, a aje shi can," kamar bai dame ta ba, amma hannunta bai saki bakin bargon ba. Da mutane suka ragu na gan ta ta kai shi hanci.

Tun ranar Litinin babu kahraba a ƙauyen, an ce wani abu ne ya lalace a kan hanya. Wannan bai hana babana ba. Ya ɗauki kan wayar zai soka a soket, ya ƙi shiga, domin haƙoransa faffaɗa ne, ramukan namu kuwa zagayayyu. Ya yi dariya ya ce mutanen can komai nasu daban. Ya zaro wuƙa ya datse kan, ya fere wayar da haƙori, ya cusa bakin biyu a ramukan, ya danne kowanne da tsinken ashana. Haka kowa yake yi a ƙauyenmu, babu wanda yake ganin wani abu a ciki. Ya shimfiɗa bargon a kan ƙafafun uwarsa, ya tura maɓallin har ƙarshe, ya ce da kahraba ta dawo sai ɗumi.

Ni ce na tsaya gyara mata shimfiɗa bayan ya fita. A kusurwar bargon akwai wani ɗan farin ƙyalle da aka ɗinka, da rubutu ƙanana. Na karanta don son sani kawai. Folt ɗari da goma, ambir ɗaya. Na sake karantawa. Kahrabar ƙasarmu folt ɗari biyu da ashirin ce, wannan ko ɗalibar da ta fi kowa barci a aji ta sani, kuma ban yi nisa da zama ita ba.

Malamin kimiyyarmu wani siririn mutum ne mai yawan atishawa, wanda ya gaji da mu tun kafin mu gaji da shi. Da injin ban-ruwa yake mana misali, don ya san duk 'ya'yan manoma ne mu. Ya ce folt shi ne ƙarfin da ke turo kahraba, kamar yadda inji ke turo ruwa daga kogi. Ambir shi ne yawan abin da ke wucewa. Ita kuwa waya tana da nata taurin kai, ba ta barin komai ya wuce a banza, wannan shi ne muƙawama da Larabci, turjiya ke nan, kuma da om ake auna ta. A raba folt da ambir a samu turjiya. A ninka folt sau ambir a samu wat, wato yawan aiki ko zafin da abu zai fitar. Na haddace wannan ne don jarrabawa, ban taɓa zaton zai biyo ni har gida ba.

Na zaga bayan madafa da littafina da fensir. Ɗari da goma a raba da ɗaya, turjiyar wayar da ke cikin bargon om ɗari da goma. A Makka zai ja ambir ɗaya, ya ba da wat ɗari da goma, ɗumi mai daɗi da aka watsa a faɗin bargo. To amma turjiya a jikin wayar take, ba ta san an tsallako da ita teku ba. A ɗakin Habboba folt ɗari biyu da ashirin ne zai tura ta. A raba da ɗari da goma, ambir biyu ke nan. Da na ga haka na ce a raina, to ninki biyu ne, wataƙila gumi kawai za ta yi. Sai na tuna ban gama ba. Ɗari biyu da ashirin sau biyu. Ɗari huɗu da arba'in.

Ninki huɗu. Ƙwan fitilar zaurenmu wat ɗari ne, kuma na taɓa ƙona yatsa a jikinsa minti ɗaya bayan an kunna. Wannan ya fi huɗu irinsa, a nannaɗe cikin ƙyalle, a kan ƙafafun da ba su jin ƙaya, a ƙarƙashin jinkar ciyawa. Na sake lissafin sau uku, amsa ɗaya yake ba ni. Tsoro ya kama ni, na rufe littafin.

Wurin Habboba na fara zuwa, kuma nan na yi wauta. Tsakanin jika da kaka ai wasa ne, tun da na iya magana ban taɓa gaya mata wani abu da fuskar gaske ba. Kullum ni ce ɓarauniyar goronta, ita ce tsohuwar da ta ƙi mutuwa ta bar mana gado.

Na ce, "Habboba, bargon ga ba na kahrabarmu ba ne. In ta dawo ƙona ki za ya yi."

Ta kalle ni ta gefen ido. "Iye? Tun bai kwana ba kin sa mai ido? Ɓarauniya. Ki bari in mutu tukuna, sannan ku raba."

"Wallahi ba wasa nike ba."

"Wallahi ni ma ba wasa nike ba. Tahi ki kawo min ruwa."

Na ƙara rantsuwa, ta ƙara dariya. Da ta ga hawaye a idona sai ta ce lallai yarinyar nan ta iya shiri, a kai ta rediyo. Ta ja bargon ta ƙara rufe gwiwoyinta.

Inna tana tuƙa miyar kuɓewa na same ta. Ta saurare ni har ƙarshe, ita kam ta yarda, na ga haka a yadda muciyar ta tsaya a hannunta. Amma ta ce, "Ni matar ɗa ce a gidan ga. Kyautar yayan mijina ga uwarshi, in buɗe baki in ce mugun abu ce? Ki gaya ma babanki. Ki bari sai ya ci abinci."

Na bari ya ci, ya sha shayi. Na durƙusa na miƙa masa littafin, abin da bai kamata in yi ba, domin babana ba ya son a nuna masa rubutu a gaban mutane, kuma ƙannensa biyu suna zaune. Bai ko kalli shafin ba.

"Ya bitti," ya ce, wato 'yata, kuma in ya kira ni haka a hankali to ransa ya ɓaci, "mutanen Makka ba su san kahraba ba sai ke? Abin da yat taho daga kusa da Ɗakin Allah, da hannun ɗanta, shi za ya ƙona uwata?"

Na ce, "Baba, tasu ɗari da goma ce, tamu ɗari biyu da ashirin."

"To tamu ta hi ƙarhi, alhamdu lillahi. Sai ta hi jin ɗumi. Rediyon da yaya ya aiko bara ba ga shi nan shina magana ba? Ya ƙona wa?"

Rediyon yana aiki lafiya lau, da idona na sha ganin an jona shi. Ɗaya daga cikin ƙannensa ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, suka yi dariya, na tashi da littafina. Wallahi a lokacin har daɗi na ji, na ce wataƙila ni ce jakar, ai ba yau na fara faɗuwa lissafi ba. Da suka fita na lallaɓa na juya bayan rediyon. An rubuta yana karɓa daga ɗari da goma har ɗari biyu da arba'in. Na koma na duba ƙyallen bargon da kyau, har bayansa. Lamba ɗaya ce tak.

Daga nan na koma satar zare waya. Duk sanda na gifta ɗakin sai in fizge tsinken ashanar, wayar ta faɗi. Duk sanda babana ya leƙo gaida uwarsa sai ya mayar. Sau biyu ya zaci nauyin bargon ne yake janyewa. A na uku ya tarar da ni a tsugune a gindin soket ɗin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in na sake taɓa wayar nan, to na gama makaranta, in zauna gida in koyi ladabi tunda karatu rashin kunya yake koya mini. Saura wata huɗu jarrabawar ƙarshe, kuma na san babana ba ya maimaita magana.

Dararen nan biyu a ɗakin Habboba na kwana, da sunan ina taya ta hira. Da rana kuwa kunnena yana waje. A ƙauyenmu in kahraba ta dawo yara ne suke fara shela, sannan injin niƙa ya tashi. Duk ihun da na ji, ko na masu wasan ƙwallo ne, sai in ruga. Ita ko tana kwance abinta, bargon da babu ɗumi a cikinsa yana kan ƙafafunta, ba ta yarda a ɗaga shi ko don a kakkaɓe.

Ranar Alhamis da la'asar ta yi barci, babana yana kasuwa. Na ɗauko almakashin Inna na tsaya a kanta. Abu ne na ƙiftawar ido: in datse wayar daga gindin bargon yadda ba za ta ɗauru ba, a yi mini duk abin da za a yi. Na buɗe almakashin, na sa wayar a tsakani. Sai na tuna makaranta. Na tuna kuma yadda ta kai shi hanci. Ana cewa tsoro na daji, kunya na gida, ni duka biyun a ɗaki ɗaya suka tare ni. Na mayar da almakashin inda na ɗauko. Dabarar da na yi ita ce na ja waya ɗaya baya kaɗan, na bar tsinken a wurinsa, yadda mai kallo zai ga a jone take alhali ba ta taɓa ƙarfen ciki. Na fita ina ganin na yi wayo.

Da safiyar Juma'a Inna ta ce mu sauka lambunmu na bakin kogi, motar masu sayen tumatir za ta zo da yamma kuma ba a tsinke ba. Na ce kaina yana ciwo, ta ce nata ma. Kafin mu fita na leƙa, wayar tana yadda na bar ta. Lambun yana da nisa, sai an bi ta bayan gonaki an gangara, kuma injinan ban-ruwa masu shan gas suna ta ƙara, ko ganga aka buga a ƙauye ba za a ji ba. Ina tsinka ina kallon hanya. Wajen azahar wata maƙwabciyarmu ta gangaro da abincin 'ya'yanta, gyalenta duk farin gari.

Inna ta tsokane ta ta ce ko a buhu ta kwana. Matar ta ce daga injin niƙa take. "Kahraba ta dawo tun kahin maza su tahi masallaci. Har na niƙa kwano biyu."

Ban san inda na jefar da kwandon ba. Na hau gangaren da hannu da ƙafa, takalmi ɗaya ya tsinke na bar shi. Ina gudu ina gaya wa kaina ai na ja wayar, ai ba ta taɓa ƙarfe, ai babu abin da zai faru. Wata zuciyar tana ce mini babanki ba ya fita masallacin Juma'a sai ya shiga ya gaida uwarsa. Idona yana kan saman ƙauyen ina neman hayaƙi. Babu. Na shiga unguwarmu babu namiji ko ɗaya, duk suna masallaci, muryar liman tana fita tangaran daga lasifikar da ta yi kwana huɗu shiru. Ban taɓa jin tsoron huɗuba ba sai ranar.

Tun daga zaure na ji warin. Ba warin itace ba ne, irin na roba ne da gashi. Na banke ƙyauren ɗakinta. Tana zaune a jingine da bango, tasbaha a hannu, fuskarta a sake, gumi a goshinta.

Ta ce, "Ke ɓarauniya, zo ki gani. Yau ya kama aiki. Har cinyoyina nike jin shi."

Shuɗin bargon ya yi layi-layi ruwan ƙasa, bin sawun wayar da ke ciki, wani wurin ya yi baƙi yana fitar da siririn hayaƙi. A soket tsinken ashana uku ne, ba biyu ba, babana ya gyara kafin ya fita. Na kama wayar na fizga da dukkan ƙarfina har katakon soket ɗin ya biyo ni. Na ɗaga bargon daga sama, ya taso har gwiwa, daga nan ya ƙi. Ya manne da zanenta, zanen ya manne da ƙwaurinta. Na ruga randa na ɗebo ruwa na yi ta kwarara, ina kwarara ina ihu ina kiran Inna wadda na baro a bakin kogi.

Habboba ba ta kalli ƙafafunta ba, fuskata take kallo. Ta ce, "Mi ya hwaru? Ke, mi ya hwaru? Kin jiƙa mai bargo." Sannan ta sunkuya ta duba. Ta daɗe tana kallo kamar ƙafafun wata ne. Ta ce innalillahi, a hankali, sau ɗaya.

Mata suka taru, aka aika masallaci. Babana ya shigo da farar jallabiyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi uwarsa, ya dubi katakon da ke reto a bango. Ni ina jira ya dube ni, bai duba ba. Aka samo motar ɗaukar kaya, aka shimfiɗa katifa a baya. Har Damazin babana yana riƙe da dugaduganta a tafin hannunsa don kada su bugi ƙarfe, hanyar kuwa duk rami ce. Na zaci in gaskiyata ta fito zan ji wani sanyi a rai. Babu abin da na ji sai haushi, nasa kaɗan, nawa mai yawa. Shi bai sani ba. Ni na sani har da lamba, kuma almakashi ya shiga hannuna.

Ta yi mako uku a asibiti. Ƙafar dama ta warke da tabo. Ta hagu ta ƙi rufewa, likita ya ce da ciwon sukari sai haƙuri da wanki kullum. Muka dawo da ita gida, Inna da ni muna wanke ciwon safe da yamma, ni ina riƙe kwano ina kau da kai, ita tana tsokanata wai likitar da ke tsoron jini. Babana ya cire soket ɗin ɗakin gaba ɗaya. Maganar bargo kuwa babu wanda ya sake tayarwa, kuma babu wanda ya gaya wa Baba Babba.

Kwana biyu kafin in koma makaranta, da hantsi, wayar hannun babana ta yi ƙara muna ɗakin Habboba mun gama wanki. Ya duba lambar, ya miƙo mini kamar ta ƙona shi. Baba Babba ne. Muka gaisa, ya tambayi karatu, sannan ya ce, "Yaya bargon tsohuwa? Shina aiki?"

Muryar tana fita, kowa a ɗakin ya ji. Na buɗe baki, kuma Allah ya sani ɗari da goma ce a kan harshena, da duk abin da ke bayanta. Habboba ta kama bakin gyalena ta ja. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba wasa a fuskarta ko kaɗan.

"Ki ce mai shina aiki. Ki ce ina lulluɓe da shi yanzu haka."

Na faɗa masa haka, kalma da kalma. Na ji ya yi ajiyar zuciya, ya yi hamdala har sau uku. Ya ce shekara da shekaru yana aiko da dabino, sai yanzu ya aiko da abin da ya amfane ta. Sannan ya ce akwai wani mutumin garin Dindir da zai taho gida ƙarshen wata, zai ba shi babba, wanda zai rufe ta har kafaɗa, da wani kuma na babana.

Tsoron nan na bayan madafa ya dawo mini sabo. Na dubi Habboba, ta kau da kai. Na dubi babana. Ya tashi ya karɓi wayar daga hannuna ya fita, amma bangon ɗakin ba ya ɓoye magana.

"Yaya," ya ce, "kar ka aiko da komi. Bargon ya ƙona ta, ni na jona shi da hannuna, an hwaɗa min ban ji ba. Ƙahwa guda ba ta warke ba. Ka bar aike. Ka taho da kanka tun tana gane mutane."

Muka ji takunsa ya yi nisa zuwa zaure. Na zaci Habboba za ta yi faɗa an karya mata magana. Ta yi ta murza tasbaharta ba ta ja ko ɗaya ba. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ya ce za ya taho?"

Na ce ban ji amsarsa ba, kuma gaskiya na faɗa.

Takardun Baba Babba na zama a can ba su cika ba, in ya fito ba zai iya komawa ba, ga mata da 'ya'ya da shago. Ya yi ta fafutuka yana cewa wata mai zuwa. Ya iso bayan shekara ɗaya da wata biyar. Babana ne ya tare shi a tasha, kuma ba gida suka fara zuwa ba, maƙabarta ya kai shi.